Autanmu da Zargin Bugun Ƙasa

A gidanmu tun muna yara aka raba mana gado da ran iyayenmu: ni na ɗauki magana, Autanmu ya ɗauki tunani. Ni dai na riƙe rabona da kyau, don har gobe idan na zauna a teburin mai shayi na bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, a nan Kura, sai shayin mutane ya huce a hannunsu ba su kurɓa ba. Ina noman shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, a fangalin da mahaifinmu ya bar mana. Shi kuwa Auta ya bi boko, ya bi shi, ya ƙara bin shi, har sai da boko ya gaji ya juyo ya miƙa masa digiri na uku a lissafi don ya samu ya huta. Yanzu yana koyarwa a jami'a.

Wata rana na tsare shi na ce sai ya gaya mini abin da yake karantawa, don mutane suna tambayata, kuma ni ba na iya cewa ban sani ba.

Ya ce, "Yaya, ka san shagon aski mai madubi gaba da baya?"

Na ce, "Inda nake ganin sanƙona a jere har Zariya? Na sani."

"To ka ƙara na uku. Ka haɗa madubai uku su yi alwatika, ɗaki mai kusurwa uku, kowane bango tsawonsa daidai da na ɗan'uwansa. Ka ajiye tumatir ɗaya a tsakiya ka leƙa. Me za ka gani?"

"Kasuwa ta faɗi."

Ya yi dariya ya ce haka ne, za ka ga fili ya cika da ɗakuna masu kusurwa uku, kowanne da tumatirinsa, babu ƙarshe ta kowace fuska. Aikinsa, in ji shi, shi ne nazarin tafiya a cikin wannan fili, inda ba a yarda ka yi taku ba sai dai ka kifa ɗakinka ta kan bango ɗaya ka faɗa na maƙwabci. Wace hanya ce mafi kusa daga wannan ɗaki zuwa wancan, hanyoyi nawa ne suke kai ka wuri ɗaya, waɗanne ne yawon banza. Ya ce duk juye-juyen nan idan aka tara su ana kiran su rukuni, kuma a kansu ake gina wata aljabara, wato wani reshen lissafi mai ban mamaki, wadda a cikinta idan ka kifa zuwa maƙwabta ka kifo baya, ba ka dawowa gida gaba ɗayanka, wani ɓangarenka yana maƙalewa a can.

Na ce, "Wannan ai na san shi. Inna ce ta shiga maƙwabta gaisuwa."

Tun daga ranar na samu abin faɗa. Duk wanda ya tambaye ni a wajen mai shayi sai in ce ƙanena da madubi uku yake mayar da tumatir ɗaya gona guda, kuma yana ganin abin da ba shi da iyaka. Ban ga inda na yi ƙarya ba. Na dai sa gishiri, kuma miya ba ta ciyuwa lami.

Auta ya doshi arba'in bai yi aure ba. Ba don wani abu ba, mantawa yake yi. Sai shekarar da gwiwar Inna ta matsa mata, ya zo hutu ya ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti ta wajen Bunkure. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wurin, mace mai natsuwa, mai saurin dariya. Gwiwar Inna ta warke sarai, amma Auta ya dage sai an koma a sake dubawa. Aka koma. Ya ce a sake komawa. Ranar da ya fara tambayar Inna ko ɗayar gwiwar ba ta ɗan yi mata tsami, sai ta dube shi ta ce, "Kai, ni ka bar ni in huta. Ka je ka gaishe da iyayenta."

Ya je. Da ya dawo na tare shi a zaure na ce, "Dakta, yaya surukin namu yake? Dogo ne ko gajere?"

Ya ce, "Takalminsa na hagu yana da facin baƙar roba."

Iyakar abin da ya gani ke nan. Tun da ya durƙusa a zauren mutumin bai ɗaga kai ba har ya fito.

Magana ta yi kyau, har an fara shirin ranar da mu manya za mu kai goro. Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da ake rufe ruwa don a yashe kanal. Duk wanda ya san wurin nan ya san yadda rairayin da aka kwaso yake bushewa a gefe, ya yi laushi sumul kamar garin tuwo da aka tankaɗe. A jami'a Auta yana da allo mai faɗin bango, a gida ba shi da shi. Saboda haka kullum da hantsi sai ya sa farar jallabiyarsa, ya ɗauki kara, ya tafi ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin kanal ya tsuguna. Ya zana ɗakunansa masu kusurwa uku, ya jera tsakuwa a ciki, yana ƙus-ƙus shi kaɗai, ya share da tafin hannu, ya sake zanawa. Mu da muka san shi ko kallo bai ishe mu ba.

Sai ga saƙo daga Bunkure: a ɗan dakata tukuna.

Kowa ya san abin da wannan magana take nufi. Inna ta ajiye carbinta ta yi tagumi. Auta kuwa ranar tuwonsa ya kwana a kwano, kuma na gan shi ya ɗauki waya ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Ban taɓa ganin abin da ya hana yaron nan tunanin lissafi ba sai wannan. Tunda mahaifinmu ya rasu ni ne uba, don haka na sa babbar riga na hau babur.

Na samu Alhaji, mahaifin yarinyar, a gindin mangwaro yana duba buhunan shinkafa. Dogo ne, da farin gemu, fuska babu wargi. Na saci kallon ƙafarsa, ga facin nan. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gona da ruwa, sannan na ce na zo jin laifinmu.

Ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Na aiki ƙanena bincike kamar yadda kowa yake yi. Ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, kowa ya ce yaro ne mai sallah, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa. Amma da idonsa ya gan shi tsugune a bakin kanal yana zane a ƙasa, yana jera tsakuwa, yana magana da wanda ba a gani. Ya je wajen mai shayi ya tambaya, aka ce ai wannan yana ganin abin da ba shi da iyaka, yayansa ne ma yake faɗa. Ni kuwa ba na ba mai bugun ƙasa 'yata."

Na ce, "Haba Alhaji! Ai wannan ilimi ne mai zurfi, Turawa ma sai sun zauna. Ka ba shi madubi uku kawai..."

"Har da madubi?"

Nan na ji kamar na taka tiyo ruwa ya feso mini a fuska. Na sake gyara zama na ce ai ba shi kaɗai ba ne, suna da yawa a duniya, har taro suke yi.

"Ƙungiya gare su ke nan," in ji Alhaji.

Duk inda na dafa sai ya rufta. Can ya ɗaga mini hannu ya ce 'yarsa ta yi masa rantsuwa lissafi ne, amma mai so ba ya shaida. Shi da kansa zai je ya gani, tunda yaron bai san fuskarsa ba. Zai zo a matsayin mai neman a duba masa. Idan Auta ya karɓi aikin, shi ke nan.

"Kai kuma ka zauna a wurin," ya ce, "amma ba za ka gaya masa ba, kuma ba za ka ce uffan ba. Ko tari ka yi, maganar ta mutu."

Na yi alkawari. Da na gaya wa matata, sai ta ce za ta bar gumin shinkafarta a kan wuta ta zo ta ga ranar da zan yi shiru, don ba ta tsammanin za a sake.

Washegari da hantsi na bi Auta bakin kanal na ce iska zan sha. Na zauna a kan tushen darbejiya na cusa goro a baki don ya tsare ƙofa. Ba a jima ba sai ga Alhaji, ya ajiye babur daga nesa, ya tako ya yi sallama. Auta ya amsa, ya gaishe shi da ladabi, hankalinsa rabi yana kan rairayi.

Alhaji ya rage murya. "Malam, wajenka aka kwatanta mini. Ragona ne ya ɓata. A taimaka a duba mini inda yake."

Auta ya ce, "Ayya, Allah Ya bayyana shi, Baba. An yi cigiya a masallaci?"

"Ai na ga kana da aiki a gabanka. Ka buga mini."

"Wallahi Baba, ko ragon yana bayan bishiyar nan ban sani ba."

"To yaushe za a sako ruwa?"

"Sai dai a tambayi masu kula da kanal. Ko Yayana, ga shi nan, shi ya fi ni jin labari."

Suka juyo gare ni su biyu. Ni da na san ranar sakin ruwa, da wanda ya faɗa, da abin da matarsa ta ce a kai! Na tauna goro na dubi sama. Auta ya ce, "Yaya, lafiya?" Na gyaɗa kai. Gumi yana bin bayana kamar an buɗe fangali.

Alhaji ya gwada shi da farashin tumatir na bana, ya gwada shi da ciwon baya. Auta ya ce farashi bai sani ba, ciwon baya kuma akwai wani asibiti ta wajen Bunkure da suke da ƙoƙari ƙwarai. Na ga gemun Alhaji ya ɗan motsa.

"To kai wannan zanen naka me yake gaya maka, in bai san rago ba, bai san ruwa ba?"

"Ba ya gaya mini komai a kan mutane, Baba. Lissafi ne."

"Amfaninsa fa?"

Shekara da shekaru ina jiran a yi wannan tambayar a gabana, ina da amsa ta kai buhu goma, ga shi an ɗaure mini baki. Auta kuwa ya sosa kai ya ce masu nazarin yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa suna ɗaukar wani abu daga ciki, amma shi gaskiya ba don wannan yake yi ba. Yana koyar da shi ne ana biyansa albashi, kuma yana son ya san amsar. Ban taɓa jin mutum ya tallata hajarsa da irin wannan rashin tausayi ba.

Amma sai ya matsa gefe ya ce, "Bari ka gani, Baba." Ya share wuri, ya zana alwatika ɗaya ya sa farar tsakuwa a ciki. "Nan ne gida. Ba a fita sai an kifa ɗakin ta kan bango. Kifi ɗaya, ɗaki nawa za ka iya shiga?"

Alhaji ya leƙa daga tsaye. "Bango uku ne. Uku."

"Daga kowane cikin ukun nan, ban da komawa baya, saura bango biyu-biyu."

"Shida."

"Madalla. A kifi na uku fa, sababbin ɗakuna nawa?"

"Wannan ai ko ɗan awo ya sani. Sha biyu."

"Tara ne, Baba."

Alhaji ya miƙe sosai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna shinkafa, a ce masa shida sau biyu tara ne! Ya ce, "Yaro, shida, kowanne da ƙofa biyu. Sha biyu."

"A'a Baba, ka yi kuskure. Kowa a nan yake faɗuwa, har ɗalibaina."

Na haɗiye goron gaba ɗaya. Ƙanena, wanda bai iya ɗaga ido a zauren mutumin nan ba, yau ga shi yana gaya masa ya yi kuskure, har yana haɗa shi da yara.

Alhaji ya ce, "Ba ni karan nan." Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya tsuguna. Takalma suka dame shi, ya cire su ya ajiye a gefe, daidai gaban Auta. Ya fara zane, layinsa yana karkacewa, yana sharewa da tafin hannu, yana ƙirga a hankali, leɓensa yana motsi. Ya sa hannu ya kwaso tsakuwa.

Ni kuwa Auta nake kallo. Idonsa ya sauka kan takalman. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Na ga lokacin da facin ya shiga kansa. Ya zame daga tsugune ya koma durƙushe, kansa ya yi ƙasa kamar zangarniyar shinkafar da ta nuna.

"Ina zan sa wannan?" in ji Alhaji, bai ɗago ba. "Kai, yi magana mana. Ɗazu ba kai ne mai baki ba?"

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe... duk inda ka sa daidai ne."

"Kar ka raina mini hankali. Nuna mini."

Da ɗan yatsa Auta ya nuna masa kusurwa ɗaya ta gidan. Ɗakuna shida ne suke kewaye da ita, kamar bukkoki shida a kewayen rijiya. In ka bi ta dama ka kifa sau uku, ka isa bukkar da take tsallaken rijiya. In ka bi ta hagu ka kifa sau uku, ita ɗin dai za ka shiga. Hanya biyu, ɗaki ɗaya. Alhaji ya sa tsakuwa ta dama, ya zo zai sa ta hagu ya tarar da mai wuri a ciki. Ya tsaya. Ya koma kusurwa ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa.

"Tara," ya ce a hankali. "Ikon Allah. Uku sun shige cikin 'yan'uwansu." Ya gyara tsuguno. "To na huɗu fa? Kar ka faɗa! Bari in gani da kaina."

Ya duƙufa. Farin gemu ya kusa taɓa rairayi, hula ta koma ƙeya, yana zane yana ƙus-ƙus yana jera tsakuwa. A daidai wannan lokaci wata Bafulatana daga rugar bayan gonakinmu ta biyo gefen kanal da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya ta dube su. Ta dubi Auta a durƙushe kai a ƙasa, ta dubi dattijo mai gemu yana aiki. Ta sauke ƙwarya, ta durƙusa a gaban Alhaji.

"Sannu da aiki, Malam. Ashe yau babban ne da kansa ya fito. Ɗan maraƙinmu ne tun jiya bai dawo ba. A duba mini, don Allah."

Alhaji ya zabura kamar ya zauna a kan kunama. "A'uzu billahi! Baiwar Allah, lissafi muke yi!"

Ta ce, "To, a lissafa mini inda yake."

Jama'a, na yi iyakar ƙoƙarina. Na danne, na toshe baki da hula, na tuna mutuwa. Amma dariyar da ta fito daga cikina, na tabbata an ji ta a Garun Malam, kuma akwai wanda ya rantse mini tsuntsaye sun tashi daga gonar alkama a Dawakin Kudu. Na faɗo daga kan tushen bishiya ina riƙe da ciki. Sai a tsakiyar dariyar na tuna sharaɗi, na datse ta nan take. Na dubi Auta, ya yi fari fat.

Alhaji ya tsaya da kara a hannu, ƙafa babu takalmi, gwiwoyinsa duk rairayi. Ya dubi matar, ya dubi zanensa, ya dubi hannunsa. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Ya yi dariya har ya share hawaye da bakin 'yar cikinsa. Ya ba matar haƙuri, ya ce ta sa a yi cigiya a masallaci, ya sayi nono ya ce a ba ni in wanke maƙogwaro. Ta tafi tana waiwaye, ban ga alamar ta yarda ba.

Ya sa takalmansa, ya ɗauki rigarsa, ya tsaya a kan Auta.

"Ɗago kanka, ɗana. Ka dube ni da kyau, kar gobe ka gane ni ta ƙafa." Auta ya ɗago kaɗan. "Abin nan naka bai san rago ba, bai san maraƙi ba, bai san ruwa ba. Na gamsu." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, dariya ba magana ba ce, na yafe. Ku kawo goronku ranar Juma'a. Amma a daina yi a bakin hanya. Ni nan da ka gani, kafin la'asar labarina ya isa Bunkure."

Bai yi ƙarya ba. Ya isa tun kafin azahar, kuma ba zan ce ban san ta inda ya bi ba.

Har Alhaji ya kai wajen babur ya dawo. "Na huɗun nan, sha biyu na samu kafin matar nan ta zo. Haka ne?"

Auta ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ka gani," in ji Alhaji, yana dubana. "Da ma na ce akwai sha biyu a ciki."

An ɗaura aure bayan an sako ruwa, tumatir yana fure. Ranar da aka kawo kayan ɗaki, mata suna ta guɗa ana sauke gado da kujeru da kwanuka, sai ga wani faffaɗan abu a naɗe da tabarma an sauko da shi daga ƙarshen mota. Inna ta zaci madubin amarya ne. Aka kwance, sai ga baƙin allo sabo fil, da kwalin alli. Amarya ta aiko a gaya wa Auta saƙon mahaifinta: a kafa shi a cikin ɗaki, nesa da taga.

Amaryar ce kuma ta ba matata labari daga baya, cewa akwai wani wuri a bayan rumbun Alhaji da ya hana a share, an zuba masa rairayin kanal, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya ji an ce ya dakata a zaure tukuna.